Wa Za a Bincika?

Duk wanda ya sake ce mini ciwon suga ciwon masu kuɗi ne, zan kama hannunsa in kai shi ɗakina ya nuna mini inda na ɓoye kuɗin. Ni Furera, masa nake toyawa a bakin layin dogo a Agege, nan aka haife ni, nan kuma na haifi Batulu. Tana aji huɗu na firamare ta fara ramewa kamar ana tsotse ta. Ta sha ruwa, ta yi fitsari, ta dawo ta sake sha, randa guda ba ta isar ta. Ranar da aka ga kiyashi sun taru a inda ta tsuguna, kowa a gidanmu ya zama likita. Wannan ya ce mayu ne, wancan ya ce shawara ce, wata tsohuwa kuma ta ce ni na lalata ta da alewa. Alewa fa! Yarinyar da ko a koko sai na ga dama nake yayyafa mata suga.

Sai da ta sume mini a cikin motar haya ta danfo sannan Allah ya haɗa mu da Dakta Ronke. Bayarbiya ce doguwa, ba ta da yawan fara'a, amma a asibitin da muke zuwa ita kaɗai ta ɗauki ciwon sugan yara ta mai da shi aikinta. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Yarbanci, tunda ina jin sa kamar Hausa.

"Iya Batulu, wannan ba irin na manya masu tumbi ba ne. Jikin yarinyar nan ya daina yin wani ruwa da ake kira insulin, kuma ba zai sake yi ba. Allura za ta riƙa yi safe da yamma iya rayuwarta."

Na ce, "Har zuwa yaushe, Dakta?"

Ta ce ai ta faɗa mini.

Allurar nan ba a yin ta da ka. In ta yi kaɗan suga ya hau, yarinya ta kwanta. In ta yi yawa suga ya faɗi, yarinya ta faɗi tare da shi, wani lokacin ma ba ta tashi. Adadin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yaro yana girma yana canzawa. Shi ya sa duk Alhamis muna layin Dakta, ta duba jini, ta duba fitsari, ta faɗi yadda za a yi har wata Alhamis. A haka Batulu ta yi kumatu, ta koma makaranta, ta koma yi mini rashin kunya.

Ga shi maganin kansa ɗan gayu ne, ba ya son zafi, sai firji. A layinmu kuwa wuta baƙuwa ce, ranar da ta zo yara har ihu suke yi. Sai Dakta ta koya mana dabara: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin, a sa kwalbar magani a ciki. Ta ce so take ta tabbatar ko maganin yana riƙe ƙarfinsa a haka, da kuma tsawon lokacin da yake riƙewa, don yaran talakawa su daina mutuwa saboda an ɗauke wuta. Aikin da take yi ke nan da mu da sauran iyayen da ta tara, kuma daga aljihunta take yi.

Shekarar da soja suka koma bariki aka ce mun samu mulkin farar hula, wata Alhamis ta rufe ƙofar ofis ta dube ni.

"Iya Batulu, na gaji. Wani asibiti a Saudiyya ya daɗe yana kira na. In ba a tallafa wa aikin nan ba, bayan babbar sallah zan tafi."

Na ce, "Ki bar mana wa?"

Sai ta ce kwamitin lafiya na majalisa zai zo Legas jin bakin jama'a, za su zauna a wani otel a Ogba. Ita ta yi ta neman ganinsu ba su kula ta ba, amma in yaran da kansu suka tsaya a gabansu, wataƙila su ji kunya. Kunya wai! Na dubi baiwar Allah nan, ta yi karatu har ta gaji amma ba ta san ɗan siyasa ba. Duk da haka na ce mun yarda, tunda ba mu da wata ƙofar. Na tambaye ta me yaran za su roƙa, ta faɗi wata kalma da Turanci, wai risac. A hanya na tambayi Batulu me ake ce wa risac da Hausa.

"Bincike, Mama."

Shugaban kwamitin ba baƙonmu ba ne. Honorabul Hadi ɗan Agege ne, ubansa goro yake sayarwa, ina yarinya ina ganin shi Hadin yana ɗaukar huhun goro a ka. Zamanin soja ya zama ɗan kwangila, da aka buɗe siyasa ya koma garin kakanninsa a Arewa ya tsaya ya ci. Yanzu yana da gida a Ogba da katangarsa ta fi masallacin unguwarmu tsawo. Ba a ganin sa sai ta hannun Sale, ɗan korensa, wanda kullum da safe yake zama a bencina yana cin masa yana ba mutane labarin Abuja kamar shi ya gina ta.

Na zuba masa masa da miya, na ce, "Sale, ka gaya wa oganka yaranmu masu ciwon suga za su zo gaban kwamitinsa."

"Taimako za su nema? Ai oga ba ya hana taimako, Maman Batulu."

"Ba bara za mu je ba. Bincike muke so a yi."

Sale ya daina taunawa. "Binciken me?"

"A kan maganar allurar yara da firji mana."

Ya ajiye farantin, ya share hannu a wando, ya tare babur ɗin haya, okada, ya haye. Tunda nake da Sale ban taɓa ganin ya bar masa a faranti ba. Na ɗauka cikinsa ne ya juya. A lokacin kuwa in ka kunna rediyo ba ka jin komai sai bincike: an kafa kwamitin binciken wannan, ana tono kwangilolin wancan, manya sai kwanciya rashin lafiya suke yi suna fita waje. Ina jin duk wannan kullum ina juya masa, amma wallahi ban haɗa shi da maganata ba.

Bayan kwana biyu sai ga a-kori-kura ta shigo layinmu da baya, ƙarti suna sauke firji. Ba ƙaramin firji ba, ƙato, fari, ya fi ƙofar ɗakina tsawo. Sale yana gaba yana ba da umarni.

"Saƙon Honorabul ne. Sadaka ce, ba ya so a faɗa."

Ba ya so a faɗa, alhali duk layin sun fito suna kallo. Sai da aka cire ƙyauren ɗakin kafin ya shiga, ya cinye wurin katifar Batulu. Wuta kuwa rabonmu da ita tun kafin azumi. Na buɗe shi, sai warin kifi da lemo ya buge ni. A gefensa an kankare wani rubutu da wuƙa, amma ba a kankare da kyau ba, Batulu ta karanta abin da ya rage ta ce an rubuta kayan asibiti ne, ba na sayarwa ba. Kafin la'asar na ji duk gidan da ke da yaro a wurin Dakta an kai masa nasa. Idrissa, wani maigadi ɗan Nijar da 'yarsa Mariama ke fama da irin ciwon, nasa ya ƙi shiga ɗakin gadi, aka bar masa shi a waje. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya zuba tabarmarsa da buta a ciki.

Washegari Sale ya dawo bencina, ya yi ƙasa da murya.

"Maman Batulu, yanzu da firji ya zo, ai maganar bincike ta mutu ko?"

"Ina ruwan firji da bincike?"

"Haba, ki daina yi mini wayo. Abin da ya wuce ya wuce. Zamanin soja ne, kowa ya yi. An ba oga kwangilar kai firjin magani ƙananan asibitoci, to asibitocin ba su da wuta, me za su yi da firji? Shi ne iyali suka ɗan riƙe a shagunansu ana sanyaya lemo da ruwan leda kafin wuta ta daidaita. Kuma ba shi kaɗai ya kwasa ba. Ki gaya mini tsakani da Allah, wa ya turo ku? 'Yan jarida ne ko 'yan adawa?"

Ludayin ƙullu yana hannuna na tsaya cak. Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ashe Bature ya raba abinsa gida biyu: in likita na nazarin cuta, sunansa daban, in ana tono abin da babban mutum ya haɗiye, shi ma sunansa daban. Mu kuwa muka zuba su tukunya ɗaya muka ce bincike. Dariya ta taso mini tun daga ciki, na danne ta da ƙyar, na ɗaure fuska kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Sale, ka koma ka gaya wa oganka, mun gode da firji. Bincike dai muke so."

Daga ranar na zama babbar mace a Agege. Buhun shinkafa ya zo. Kaji suka zo. Kwalin alewa ya zo, wai a ba yara masu ciwon suga su ji daɗi, ka ji hankali. Sale ya zo da albishir cewa Honorabul ya ɗauki hayar bas za a kai yaran bakin teku su sha iska, kuma sai aka yi dace ranar ta faɗo daidai ranar zaman kwamiti. Na ce teku tana nan ba inda za ta, a bari sai wani makon.

Dakta ban gaya mata komai ba, don na san halinta, a take za ta je ta warware musu. Batulu kuwa na ja ta gefe.

"Ranar nan Hausa za ki yi. Ki ce bincike muke so, ki yi shiru."

"Mama, ai Dakta ta koya mini jawabi da Turanci, na haddace."

"Ajiye Turancin nan, ba zai lalace ba."

Ta turo baki ta ce to. Ban yi mata bayanin dalili ba, don yarinyar nan in ta san abu, kafin azahar duk ajinsu sun sani.

Ranar zaman muka yi wa yara kwalliyar sallah, kowace uwa da jakarta da abinci da ƙwayoyin suga a ƙulle a leda, don in an yi allurar safe aka daɗe ba a ci ba, suga faɗuwa yake, kuma maganinsa a take shi ne a sa wa yaro zaƙi a baki. Muka cika danfo guda muka nufi Ogba. Muna shiga otel, tun kafin mu zauna, Sale ya yafuto ni da Batulu ya kai mu wani ɗaki a gefe. Sanyin ɗakin har cikin ƙashi, amma Honorabul Hadi yana tsaye cikin babbar riga yana zufa.

"Hajiya Furera! Sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari."

Hajiya, ni da ban taɓa leƙa cikin jirgi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe."

"Hajiya, mu 'yan gida ne. Mahaifinki da nawa sahu ɗaya suke sallah. Abin da za a kashe a ɗaka me ya kai shi zaure? Faɗi abin da kuke so."

Na gyara tsayuwa. "Dakta Ronke muke so ta zauna. A ba ta abin da aikinta yake buƙata, ɗaki da kayan gwaji da masu taya ta. A sa shi cikin kasafin gwamnati, ba kyautar aljihu ba. Kuma yau ɗin nan ka faɗa da bakinka a gaban 'yan jarida."

Ya zaro ido. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"An gama! Wallahi an gama. Yau zan faɗa, ni ne shugaba, ba mai musa mini. Sharaɗi ɗaya, kalmar nan kada ta fito a zaure."

"Ba za ta fito ba, ranka ya daɗe."

Jama'a, murna ta kama ni. Na riga na hango Dakta a kujerarta shekara da shekaru, na hango Batulu ta girma a hannunta. Honorabul ya gyara hula ya nufi ƙofa, har ya kama mariƙi. Sai halin 'yan siyasa ya motsa masa, ba sa iya wuce yaro ba su shafa kansa ba. Ya dawo ya sunkuya gaban Batulu.

"'Yata, ke dai gaya wa babanki gaskiya. Wa aka ce ku ce a bincika?"

Na kai hannu na mintsine ta a baya. Ta ɗauka nufina ta yi magana da ladabi, sai ta rusuna.

"Mu, Baba."

"Ku?"

"E, mu. Jininmu da fitsarinmu, da maganin da muke sawa a tukunya. Dakta ce take yi. Risac."

Honorabul ya miƙe a hankali, ya maimaita kalmar, "Risac." Ya sake maimaitawa. Sai ya zube a kujera ya fashe da dariya, yana dukan cinya, har hularsa ta faɗi. Da ya gama ya share hawaye ya dubi Sale.

"Kai jaki ne."

Sannan ya juyo gare ni, fuskar nan ta canza kamar ba shi ne ya gama kira na Hajiya ba.

"Ke mai masa. Kin sani, kika bar ni kwana da kwanaki ba na barci?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, alƙawari dai ka riga ka ɗauka."

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta ya fita. Batulu ta dube ni tana sosa inda na mintsine ta, tana tambayata ko ta yi daidai. Na ce mu je.

A zaure aka ajiye mu can baya. Aka fara da masu kamfanonin magani, aka bi da shugabannin ƙungiyoyi, kowa sai ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce ba shi da abin cewa da yawa. Azahar ta yi, ta wuce. Muka fito da abinci, wani mai kwat ya zo ya ce ba a ci a gaban majalisa. Muna ta gardama da shi sai Mariama 'yar Idrissa ta fara karkarwa, zufa ta keto mata, idonta ya fara juyawa. Uwarta ta kwance leda ta tura mata suga a baki, ni kuma na riƙe kanta. Wani ɗan kwamiti da ya wuni yana gyangyaɗi bai tashi farkawa ba sai a daidai lokacin. Ya nuna mu da biro yana ihu da Turanci, wai jama'a su shaida, ga masu ciwon suga ana ɗura musu suga a gaban majalisa. Dakta ta miƙe za ta yi bayani, aka ce ta zauna ba a kira ta ba.

Can la'asar sakaliya aka ce yara su fito, su taƙaita. Batulu ta dube ni, na ce yi Turancinki. Ta tsaya gaban makirfo, sai da aka sauke mata shi. Na san jawabin kalma da kalma don ta fassara mini shi a gida har na gaji. Ta faɗi sunanta da ajinta. Ta ce ba ta sha alewa ta jawo wa kanta ba, haka Allah ya yi ta. Ta ɗaga hannun rigarta ta nuna inda allura ta yi mata tabo. Ta ce akwai yaron da suke layi tare, aka ɗauke wuta maganinsa ya lalace ba wanda ya sani, ana ta yi masa allurar da ta zama ruwa har ya rasu. Ta ce likitarsu tana neman hanyar da hakan ba zai sake faruwa ba, a taimake ta ta gama, kada ta tafi. Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Ni ce na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Aka tafa mata. Sai 'yan kwamiti suka fara ba da gudummawa. Na farko ya ce shi ma yana da suga, ruwan shuwaka yake sha da safe, sai kuma ɗan zuwa Landan da yake yi ganin likita, iyaye su gwada. Na biyu ya ce shi a saninsa yaro ba ya ciwon suga, a binciki tarbiyya. Na uku ya yaba wa Turancin Batulu ya ce wannan ribar dimokuraɗiyya ce.

Sannan Honorabul Hadi ya jawo makirfo. Ya yi da Turanci, ya maimaita da Hausa don kada wani abu ya wuce mu.

"Yara sun yi magana, majalisa ta ji. Wannan gwamnati ce mai sauraro. Yara sun nemi bincike, kuma wallahi za a yi bincike."

Yaranmu suka ɓarke da tafi.

"Za a bincika wa ya ba wata likita izinin ɗibar jinin 'ya'yan talakawa duk mako. Za a bincika yadda aka yi maganin Bature ya koma cikin tukunyar ƙasa kamar daddawa. Za a bincika wa ya koya wa iyaye ɗura wa marasa lafiya suga, abin da muka gani da idonmu yau. Mun kafa ƙaramin kwamiti. Kafin ya gama aikinsa, muna ba da shawara likitar ta dakata da taɓa yaran nan."

Ya buga guduma. Zaure ya ɗauki tafi, masu hoto suka taso. Yaran ba su gane ba, su dai sun ji an ce za a yi bincike, suna ta murna. Batulu tana tafi tana waiwayo na tana dariya, wai sun ci nasara. Na dubi Dakta, tana zaune hannunta a kan jaka, ba ta motsa ba. Na miƙe na fara faɗin maganar firji da ƙarfi, da Hausa da Yarbanci, amma an riga an kunna kiɗan tashi, kuma mai kwat ɗin nan da abokinsa suka raka ni waje, wai uwa ce hankalinta ya tashi. Ina waje aka jera yaran aka ɗauke su hoto da Honorabul a tsakiya.

Da sassafe a-kori-kura ta dawo ta kwashe firji gida-gida. Ƙyauren ɗakina ko mayar mini da shi ba su yi ba. Sale ya canza wurin cin masa.

Asibiti ba su jira komai ba, da suka ga abin a jarida suka ce Dakta ta zauna a gida. Ƙaramin kwamitin kuwa ko sau ɗaya bai zauna ba, balle ya gama. Dakta ba ta kai sallah ba. Ana jibi za ta tafi ta zo har bakin layin dogo ta same ni, ta zauna a bencina da fararen kayanta. Na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga farantin Sale har mintsinin. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya dariyar ta koma wani abu, ta juya fuska. Batulu tana tsaye tana ji, sai a ranar ta gane abin da ya faru a ɗakin nan.

"Dakta, ni na kore ki?"

Dakta ta jawo ta ta rungume. "An tambaye ki, kin faɗi gaskiya. Ba ke ba ce."

Ni ma na ce ba ita ba ce, kuma har zuciyata haka ne. Amma yarinyar ta daina surutu a gida, ni da nake ƙorafin bakinta na koma roƙon ta yi magana.

Muka ci gaba da zuwa Alhamis. Aka haɗa mu da layin manya, tsofaffi masu hawan jini da masu ciwon ƙafa. Kowane mako likita daban, kowanne sai na fara labari daga farko, ya duba kati ya ce a ci gaba yadda ake yi. Wani ma ya tambaye ni ko na tabbata ba katin kakarta na ɗauko ba.

Da damina ta kankama zazzaɓi ya kama Batulu ranar wata Asabar. Ta kwana tana amai, da safe ko koko ta kasa haɗiya. Babanta yana hanyar Arewa da tirela, asibiti kuma ba likitan suga sai Alhamis. Lokacin allura ya yi. Ta rarrafo ta buɗe tukunya ta ciro kwalbar, ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ta soka sirinji ta fara ja. Sai ta tsaya.

"Mama, Dakta ta taɓa cewa in zazzaɓi ya zo ana canzawa. Ga shi kuma ban ci komai ba. Ƙarawa ake yi ko ragewa?"

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Ta miƙo mini sirinjin, hannunta da zafi kamar tanda, tana kallo na tana jira. Na ɗaga shi sama wajen haske. Layuka ne ƙanana baƙaƙe a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Na ce, "Tsaya in duba da kyau."

Na daɗe ina dubawa.